Gurbin da Ba Shi da Kujera

Tana shigowa gida ta tarar da yayanta yana goge farar rigarsa, wadda rabonsa da ita tun da masana'antarsu ta rufe bara.

"Ƙanwata, kamfaninku na neman mai kula da injuna," ya ce. "Na tura takarduna. Kada ki sa min baki, gumina nake so in ci."

Ta ajiye jaka a hankali. Ita ce jami'ar ɗaukar ma'aikata, ita ta wallafa sanarwar shekaranjiya. Manaja ne ya tsaya a kanta ya ce, "Ƙirƙiro gurbi ko wane iri. Ba ɗauka za mu yi ba, so muke masu zuba jari su ga muna bunƙasa."

Ta rasa me ake nema a wurin wanda ba za a ɗauka ba. Sai ta siffanta ma'aikacin da ta fi sani: mai gane ciwon inji daga kukansa, mai haƙurin koya wa na ƙasa da shi.

Mahaifiyarsu ta leƙo tana dariya. "Tun rana yake waƙa, ya hana ni rintsawa!"

Ya ɗaga rigar yana duba wuyanta. "Wallahi da na karanta, sai da tsigar jikina ta tashi. Kamar wanda ya rubuta ya san ni."

"Ya san ka, Yaya," ta ce.

Ta miƙa hannu ta zare wayar dutsen gugar daga bango.