Baƙo a Kufan Ubansa

Tunda ka ce bana ma aiki ba zai bar ka ka leƙa gida ba, zauna in ba ka misali. An yi wani ɗan maƙeri a wani ƙauye bisa tsauni, inda gidaje ke manne da duwatsu, ƙasa kuma kwazazzabo ne mai zurfi da ƙorama a cikinsa. Yana saurayi ya bi fatake kudu, ya ce wa ubansa in kaka ta yi zai dawo. Kasuwa ta karɓe shi. Aka aiko uban ba lafiya, ya ce sai an ɗan sarara. Aka aiko ya rasu, ya aika da goro. Sai da gemunsa ya yi fari fat, sannan begen gida ya kama shi, ya ɗaura niyyar ya je ko addu'a ya yi a kan kushewar tsohon.

Da ya hau, sai ya tarar mutane sun daɗe da sauka fili neman ƙasar noma. Katangu sun zube, rumbuna sun rufta, rema na wasa a inda dā mata ke niƙa. Kwazazzabon na nan yadda ya san shi, jan dutse da sanyin ruwa, har ya tuna yadda suke gangarawa da tuluna suna tsere. Amma gidansu ya ɓace masa. Ya yi ta kewaya kangaye har rana ta take, bai gane ko maƙerar ba. Can ya hangi wata tsohuwa tana tsinkar ganyen kuka. Ya gane ta sarai, ƙanwar abokinsa ce da suka yi wasan ƙasa tare. Ita kuwa ta dube shi ta ce, "Sannu baƙo, daga ina?" Ya rasa bakin faɗin ko shi wane ne, sai ya tambaye ta kushewar maƙeri. Ta kai shi gindin wata tsamiya, ta ce ita da jikokinta ke cire wa kushewar ciyawa duk damina, don marigayin ya tafi bai bar kowa ba. Ya durƙusa ya yi addu'a, ya yi mata godiya irin ta baƙo, ya gangara.

Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.