Injiniyan Sauti na Illela

"Ƙara min murya, Injiniya!" in ji Mukhtari mai kukuma.

Na tura maɓalli na uku sama, na murɗa na biyar, na haɗe gira kamar likita a ɗakin tiyata. Shagona ya cika da 'yan kallo. A 1986 ni kaɗai ke da mikisa, na'urar daidaita sauti, a duk Illela. Ta hannu ce, daga Ƙwanni na sayo ta. Kaset goma sha ɗaya na ɗaukar wa makaɗa, duk sun karɓu, har ana cewa hannuna na da albarka.

Ana cikin haka Junaidu, mai gyaran rediyo daga Sakkwato, ya shigo. Ya leƙa bayan tebur, ya daɗe, sannan ya raɗa min, "Attahiru, wagga waya mi taka yi ƙasa?"

Ashe ban taɓa jona mikisar da rikoda ba. Wata takwas ina murɗe-murɗe, fitilu na walƙiya, rikodar kuwa da ɗan makirfon jikinta take ɗaukar abinta.

Junaidu ya rufa min asiri, ya jona wayar a ɓoye. Na zage na nuna gwaninta. Da muka kunna kaset, sai gunji, kukumar kamar akuya ta faɗa rijiya.

Mukhtari ya harari Junaidu. "Baƙon ga ya ɓata maka na'ura, Injiniya. Mai da ita yadda ka saba."

Na sunkuya na zare wayar. Sai da na ƙara shekara huɗu ina Injiniya.