Ranar da Na Je Karɓar Gaisuwar Farfesa

Ni Nomau ban taɓa zaman aji ba, amma na ga bayan shekarar zafin da ta ƙarar da shanu, na binne sa'o'ina kaf. Duk garinmu ba wanda nake durƙusa wa.

Sai labari ya zo cewa yayata Tabawa ta sauko. Ita ce ta karanci kimiyya, ta hau jirgin taurari tun ina saurayi. Masu hawansa ba sa tsufa irin namu. Yanzu farfesa ce a jami'a, ko furfura ɗaya babu.

Na ce wa jikokina, "Ku biyo ni ku ga farfesa a durƙushe. Girma ai na mai furfura ne."

Muka same ta tana koyar da ɗalibai. Na tsaya a ƙofa, na shafa gemu.

Ta ce, "Baba, wa kake nema?"

Na ce, "Tabawa, yau wane ne babba?"

Ta daɗe tana kallona. "Auta! Fuskar mahaifinmu ka zo mini da ita, har ka girme shi." Sai ta yi dariya. "Kuma har yanzu ba ka iya sa hula ba!"

Ta gyara mini ita a gaban jama'a. Ban ankara ba na ji gwiwoyina a ƙasa.

"Ina wuni, Yaya."

Jikokina suka fashe da dariya. Su yi ta yi. Farfesa sukutum ce ta kama hannuna ta ɗaga ni. Wa aka taɓa yi wa haka a garinmu?