Koren Allo a Bakin Dam

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, domin yawancin mutanen da ke cikinsa suna nan da ransu. Amma na ji ana ta gina irin wannan dam a wasu ƙauyuka, shi ya sa na daure.

Damina ta yi tsakiya lokacin da kurkunu ya kwantar da Audi, mijin Tasalla. Ko ƙofar ɗaki ba ya kaiwa sai da rarrafe. Gidansu na can cikin kwari, a gindin dam ɗin ƙasa da katafila ta tara wa ƙauyensu bayan yaƙin basasa, a bakin dajin Birnin Gwari. An yi shi ne don ya tare ambaliyar rafi, ya kuma ajiye wa shanu ruwa da rani. A gefe guda an bar masa mafita, inda ruwa zai bi ya wuce in ya cika.

Mai kula da dam ɗin yayan Tasalla ne, Bakoji, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita. In Bakoji ya ce abu, ba ta ƙara tambayar kowa.

Kowane rani garin kan yi su a dam, a kama tarwaɗa a raba. Bakoji da abokansa suka lura kifi na bin mafitar yana gudu, sai suka toshe ta da buhunan ƙasa, suka rufe da ciyawa. Ruwa ya hau inda bai taɓa kaiwa ba. Ba a jima ba sai bangon dam ɗin ya tsage ta baya, wani jan ruwa mai laka ya fara tsattsafowa har cikin kuɓewar Tasalla. Da ta gaya wa Bakoji sai ya yi dariya, ya ce ai ita tun tana yarinya kwaɗo ke korarta daga rafi.

Sai labari ya zo cewa mai duba dam na tafe daga birni. Ƙa'idarsa kowa ya sani: in ya shafa wa allon da ke kafe a bakin dam kore, lafiya lau, in ya shafa ja, a buɗe ruwa ya tafi, mutanen kwari su tashi. Ja na nufin babu kamun kifi bana, ga kunya a idon baƙo. Bakoji ya kira gayya. Aka kwaɓa laka da ciyawa, aka yaɓe tsagar kamar yadda ake yaɓe ɗaki in salla ta matso, mata suka bi suka daɓe har wurin ya yi sumul. Tasalla ma ta ɗebo ruwa, a zatonta gyara ake yi.

Baƙon ya iso, aka yanka masa kaza, aka bi da shi ta saman bango. Da ya nufi wajen mafita, Bakoji ya ce ƙudan zuma sun yi gida a can, jiya ma sun kumbura wa wani fuska. Mutumin ya dubi hadari, ya dubi hanyar komawa, ya shafa kore ya shiga motarsa.

Tasalla dai hankalinta bai kwanta ba, don jan ruwan bai daina ba. Ƙawarta Martha, wadda gidansu ke kan tudu, ta ce ta kawo Audi ɗakin ƙaninta har damina ta wuce. Tasalla ta je wurin yayanta.

"Yaya, in ka ce in ɗauke maigida, yau ɗin nan zan nemi masu ɗauka."

"Kin fi mai mota sani? Ga allo can, je ki duba. In da haɗari, ni zan bar ki a nan?"

Ta koma gida, ta aika wa Martha godiya.

Ranar kasuwar Kusasu aka tashi da ruwa. Da ya ɗan tsagaita ta ajiye wa Audi kunu a kusa da tabarma, ta tafi sayar da daddawa. Bayan azahar bangon ya ɓalle daga daidai inda aka yaɓe. Kafin ta dawo, babu ɗaki, babu rumbu. Sai washegari aka sami gawar Audi a cikin saiwoyin wata bishiya, nesa da gari.

A gidan Martha ta zauna karɓar gaisuwa. Ladi, matar Bakoji, ta kawo tuwo a kwanonta na aure. Tasalla ta gane kwanon. Gidan Bakoji ma a kwari yake, ruwa ya cinye shi. Ta tambayi Ladi yadda aka yi kwanon ya tsira.

"Ai tun washegarin yaɓe yayanki ya sa muka kwashe kaya da awaki zuwa gidan babana," in ji Ladi. "Ya ce kada a faɗa, kada hankalin gari ya tashi. Wallahi na zaci ke ya gaya miki."

Tuwon nan Tasalla ba ta taɓa shi ba.

Da gari ya waye, duk da tana cikin takaba, ta fita. Koren allon na nan tsaye a guntun bangon da ya rage. Ta tuge shi, ta ɗora a ka, ta ratsa gari da shi har ƙofar gidan surukan Bakoji, ta ajiye a gabansa. Ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri, ƙaddara ce.

Ta ce, "Awakinka ma ƙaddarar ce ta kai su tudu?"

Ta juya ta tafi.

Jama'a, kada a toshe wa ruwa mafitarsa, kada kuma a yi wa mai duba dam kwalliya. A kai shi inda ya tsage. Wanda ya ga haɗari ya kwashe nasa ya yi shiru, alhakin waɗanda ya bari yana wuyansa.