Gishiri Ya Ji

Ranar Litinin da safe Darakta ya tsaya a bakin sabon kwamin ninkayarsa, hannu a ƙugu, yana kallon ruwa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Kwana huɗu da cika shi, ruwan ya yi fari-fari kamar ruwan tsarin shinkafa. Injin da ke juya gishiri ya zama maganin tsabtace ruwa sai ƙyafta jar fitila yake yi. Jiya da ya gwada shiga, ya fito da idanu jawur, har matarsa ta tambaye shi wa ya ɓata masa rai.

Don ita ya gina kwamin. Likita ya ce gwiwoyinta ba sa son komai sai tafiya cikin ruwa. To amma Darakta, da ya yi shekara talatin yana ba da umarni a ofis, bai iya yin abu shiru ba. Tuni ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa su zo ranar Asabar su ga abin da ritaya ta haifa.

Kamfanin da ya yi ginin ya ce zai turo masanin ruwa. Yana cikin jira ’yarsa Auta ta leƙo.

“Baba, akwai wanda zai zo yau...”

“Na sani, ni na kira shi. In ya iso ki turo min shi nan.”

Mutumin ya iso sanye da sababbin kaya, takalmi na sheƙi, goshi na tsattsafo da gumi. Ya durƙusa ya fara gaisuwa mai tsawo. Darakta ya katse shi da ɗaga hannu.

“Gaisuwa ba ta gyara ruwa. Ga shi nan, ka gani da idonka.”

Mutumin ya kalli ruwan, ya kalli tagar falo, ya sake kallon ruwan. Sannan ya naɗe hannun riga, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana.

“Gishiri bai ji ba, ranka ya daɗe. Kuma kanwa ta yi masa yawa.”

Darakta ya ji daɗin wannan bayani. Ƙwararre ke nan, mai saukar da ilimi inda kowa zai ɗauka. Ya miƙa masa littafin injin da kwalbar ’yan takardun gwaji masu sauya launi. Mutumin ya nemi izinin shiga banɗaki da littafin da wayarsa, ya yi kusan rabin awa. Da ya fito ya ce sabon siminti ne ke sakin abin da ke dagula ruwan, sai an sa masa tsami, wato asid, kaɗan-kaɗan.

Kullum sai ya zo, kullum cikin kayan fita. Zai zuba gishiri rabin buhu, ya gauraya da doguwar tsintsiyar kwamin, ya jira, ya tsoma takarda, ya kuma ɗanɗana. Ranar Laraba Darakta ya gaji da wannan sanyin jiki. Mutumin na juya baya, ya farke buhu uku ya antaya gaba ɗaya. Injin ya fara kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa.

“Wa ya taɓa min?” in ji mutumin da wata murya da ba a san shi da ita ba. Sai ya tuna inda yake, ya sunkuyar da kai. “Tuba nake, ranka ya daɗe. Amma gishiri in ya shiga ba ya fita. Sai dai a rage ruwan, a ƙara sabo.”

Rabon da wani ya daka wa Darakta tsawa tun yana ƙaramin ma’aikaci. Abin mamaki, sai ya ji mutumin ya ƙara shiga ransa. Shi da kansa ya riƙe tiyo har azahar, yayin da matarsa da Auta ke falo suna wata dariya da suka ce ta talabijin ce.

Ranar Juma’a takardar gwaji ta nuna launin da littafi ke so. Fitila ta koma koriya. Ruwan ya yi garau, har ana ƙirga tayil ɗin ƙasa. Matar Darakta ta sauka matakala a hankali, ta yi taku goma ba ta ce wash ba. Darakta ya juya baya ya share ido, ya ce gishiri ne.

Ranar Asabar, a gaban baƙi goma sha biyu, ya dafa kafaɗar mutumin.

“Ku shaida. Irin wannan ake nema a ƙasa. Ɗana, duk abin da ka roƙa a gidan nan, na ba ka.”

Bai rufe baki ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani mai rigar aiki da tambarin kamfani a ƙirji ya shigo da akwatin kwalabe, yana ba da haƙuri: zazzaɓi ne ya kwantar da shi mako guda. Ya ɗebi ruwa, ya ɗiga magani, ya ɗaga kwalba ga hasken rana.

“Ikon Allah! Ko ni sai haka. Wane kamfani kuka kira?”

Darakta ya juya a hankali. Mutumin ya riga ya durƙusa a daidai inda ya durƙusa ranar farko, yana shirin ƙarasa gaisuwarsa. Auta ce ta amsa daga bayan mahaifiyarta.

“Baba, ai shi ne kukun otal ɗin da ka rantse ba zai taka gidanka neman aurena ba.”