Wayoyin da Aka Ɗaura a Juye

Tunda ka rantse ba kai za ka fara yi wa abokin aikinka magana ba, zauna ka ji wannan, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani matuƙin ƙaramin jirgin sama, irin wanda ke feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa, da wani bakanike mai kula masa da jirgin. Shi jirgi ba da ƙarfin tuwo ake juya shi ba. Sanda ce guda a gaban matuƙi, wayoyin ƙarfe sun tashi daga gindinta sun bi ta cikin jirgin har zuwa wasu alluna biyu da ke gefen fukafukai ta baya, masu motsi kamar marfin taga. In ya tura sandar dama, allon dama ya ɗaga, na hagu ya sauka, sai jirgin ya karkata dama. To waya ba ta da hankali, inda aka ɗaura ta nan take ja. Shi ya sa duk ranar da aka taɓa wayoyin nan, ƙa'ida ce mutum biyu su gwada kafin a tashi. Matuƙi ya zauna ciki ya tura sanda ya ce, "Dama!" Bakanike ya duba daga waje ya amsa, "Na dama ya ɗaga!" Shekara da shekaru haka suke yi, a kwano ɗaya ma suke cin abinci.

Ana nan sai yayan bakaniken ya rasu, matuƙin yana wani gari wurin feshi. Da ya dawo, maimakon ya taka har gida ya zauna a tabarma, sai ya yi masa gaisuwar a tsaitsaye a bakin rumfar jirgi, kamar mai tambayar hanya. Bakanike ya ƙullace shi. Matuƙi ya ga an ɗaure masa fuska, shi ma ya ɗaure tasa, wai ai ya yi gaisuwa, me kuma ake so? Manyan mutane da furfurarsu, masu sallah a sahu ɗaya, suka shiga gaba, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Abin da ke ƙona mini rai ke nan, ba mugu ko ɗaya a cikinsu.

Cikin wannan hali bakaniken ya ga wayoyin fukafukan sun soma cinyewa, ya cire su ya sa sababbi. Ya ɗaure kowane noti tamau, don shi ba ya ha'inci a aiki. Sai dai hannu na aiki zuciya na tafasa, ya kai bakin wayar dama wurin ta hagu, ta hagu wurin ta dama. Da safe matuƙi ya hau, ya kaɗa sandar dama da hagu, ya ji tana tafiya sumul. Da ya waiga kawai, da idonsa ya nuna masa allon da ya ɗaga. Amma bakaniken na tsaye daidai wajen fiffiken, shi kuwa ba ya so su haɗa ido, sai ya kafe kallonsa gaba. Bakanike ya jira a ce "Dama!", bai ji ba, ya juya baya yana goge hannu da tsumma.

Jirgi ya tashi. Bai wuce tsayin giginya ba iska ta ɗan karkatar da shi hagu. Matuƙi ya tura sanda dama don ya daidaita, jirgin ya ƙara kwantawa hagu. Ya ƙara turawa iya ƙarfinsa, yana yin daidai abin da aka koya masa, kuma shi ne ke kashe shi. A ƙasa bakaniken ya gane tun karkatar farko. Ya jefar da tsumma ya ruga yana ƙwala masa kira da sunansa, yana ihu, "A juye suke! A juye suke!" Wa zai ji shi cikin rugugin inji? Fiffiken hagu ya caki ƙasa a bakin gonar shinkafa, wuta ta tashi. Matuƙin bai fita da rai ba.

Masu bincike suka zo suka tona tarkacen. Suka tarar wayoyi sababbi fil, ba wadda ta tsinke, ba notin da ya kwance. Bakaniken bai ƙara riƙe sifana ba. Shi ke kai wa marayun matuƙin hatsi duk kaka, ya ajiye a zaure ya fita da sauri, don ba ya iya kallon idonsu.

Gaskiyar Bahaushe ne da ya ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.