Lanƙwasar Wiebke

"Mama, me ya sa ba wanda ke zuwa gidanmu?"

Imke ce ke tambayar uwarta, Wiebke. Tun da Wiebke ta ƙirƙiro sabuwar lanƙwasar layin jirgin shillo na filin wasa, mai kifa mutane a sama, ta rufe ƙofarta don kada a sace mata fasahar. Ko Torben, abokin kasuwancinta, bai gani ba. 'Yarta Imke kaɗai take nuna wa, don ba ta da abokin hira.

Kwatsam Torben ya sayar wa wani kamfani irin lanƙwasar, sak.

"Wa ya ba ka?" in ji Wiebke.

Ya yi dariya. "Haba Wiebke! Ajin Imke ɗaya da ɗana. Kullum sai ta gina musu ita da yumɓu."

Imke ta sunkuyar da kai. "Don su yi wasa da ni ne, Mama."

Iyaye mata, kada ku ɗora wa yaro sirrinku. Shi ma kaɗaici na cinsa.